RA'AYI: Kafin A Ci Direba Tara, A Duba Turken Da Ke Riƙe Da Allon

Duk wata doka da ta shafi tuƙi sai ta bi ta kan allo kafin ta iso ga direba. Majalisa za ta iya zartar da ita, a sa mata hannu, a buga ta a jaridar gwamnati, amma mutumin da ya taso daga Lakwaja da tsakar dare da lodin doya ba zai san akwai muguwar kwana a gabansa ba, ko cewa an hana tsayawa a bakin gada, sai in wani allo ya faɗa masa. Shi kuwa allo, komai kyan rubutunsa da ƙyallinsa, ba a iska yake rataye ba. Turken ƙarfe ne ke riƙe da shi, kuma a kan wannan turken ne muke tafka asarar da ba a cika jin wani ya lissafa ta ba.

Duk mai yawan bin manyan hanyoyin da suka shigo Abuja, ko titunan cikin unguwanni, ya saba da ganin allon da ya sunkuya kamar mai neman gafara, da wanda ya juya baya ga masu zuwa yana yi wa daji gargaɗi, da turken da ya tsaya tsirara an kwance masa allo, da kuma guntun bututun da ya rage a cikin siminti bayan an yanke sauran. Mun saba da su har sun daina damun ido. In an yi magana, sai a ce aikin ɓarayi ne, ko ruwan sama, ko direbobin tirela. Duk suna da hannu. Sai dai akasarin waɗannan alluna tun ranar da aka kafa su aka yanke masu gajeren kwana, domin ƙarfen da aka zaɓa da ramin da aka haƙa ba su taɓa isa su riƙe su ba.

Ba rashin littafi ne ya jawo haka ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan alamomin hanya, wadda ta daidaita siffa da launi da ma'anar alluna tsakanin ƙasashe. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya tana da kundin ƙa'idojin gina hanyoyi na 2013, wanda ya ware juzu'i guda ga alamomi da zanen titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da masana'antar buga alluna a Gwagwalada, sannan ga hukumar FERMA tun 2002 don gyaran hanyoyin tarayya. Abin da ke ɓacewa yana ɓacewa ne tsakanin kundin da takardar kwangila. A takardar, sau da yawa layi ɗaya tak ake ba alluna, can ƙasa bayan kwalta da kwalbati: a samar da alluna guda kaza, a kafa su. Ba kaurin ƙarfe, ba irin shafen da zai kare shi, ba zurfin rami. Ɗan kwangila kuwa ɗan kasuwa ne. In aka ce masa guda arba'in, guda arba'in zai kawo, kuma zai nemi arba'in ɗin da suka fi araha.

Mafi araha shi ne siririn bututun baƙin ƙarfe, irin wanda masu walda ke yin rumfar shago da shi. A yanka shi, a fesa masa fenti ruwan azurfa, ya fito yana walƙiya ranar buɗe hanya. Daga nesa ba mai bambanta shi da turken da aka tsoma a tutiya, wato farin ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. Amma bambancin da ke tsakaninsu na shekaru ne masu yawa. Fenti fata ce kawai a saman ƙarfe. Da zarar tsakuwa ta ƙwarzane shi, ruwa ya samu ƙofa. Tsoma ƙarfe a narkakkiyar tutiya, a zafin da ya kai kimanin digiri 450, yana sa ta haɗe da jikinsa ciki da waje, kuma ko an ƙwarzane wurin, tutiyar da ke gefe ce ke fara cinyewa kafin tsatsa ta taɓa ƙarfen. Ƙa'idar duniya ta ISO 1461 ta fayyace kaurin wannan shafe: ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 3 zuwa 6 yana buƙatar matsakaicin maikiron 70, kusan kaurin silin gashi ke nan. A wuri mai matsakaicin danshi, abin da ke zaizayewa daga tutiya a shekara bai fi maikiron ɗaya zuwa biyu ba. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa: shekara talatin ko fiye. A Legas da Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, zaizayar ta fi sauri, saboda haka can ne ma bai kamata a ko yi tunanin bututu mai fenti ba.

Kuma tsatsa ba ta fara cin turke daga sama, inda mai duba aiki zai gani. Daga gindi take farawa, daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙasa, inda ruwa ke kwanciya da damina. In an bar bakin bututun a buɗe ba murfi, ruwan sama na taruwa a cikinsa yana ci daga ciki. Shi ya sa ake ganin turke tsaye lafiya lau yau, gobe a same shi kwance ya karye a gindi kamar an sare kara. Murfin roba na 'yan kuɗi kaɗan, da ɗan tudun siminti a gindi da zai sa ruwa ya gangare, su ne maganin rabin wannan ciwo. Ba a yin su ne kawai domin ba wanda ya rubuta a yi.

Sai maganar iska, wadda ita ce aka fi rainawa. Allo tamkar filafilan jirgin ruwa yake, aikinsa tare iska ko ya so ko bai so ba. Ƙarfin turin iska kuwa ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: in gudun ya ninka biyu, turin ninkawa huɗu yake yi. Guguwar farkon damina mai gudun kilomita 100 a awa, irin wadda ke yaye rufin makarantu a Arewa, tana tura allo mai faɗin murabba'in mita ɗaya da ƙarfin da ya ɗara nauyin buhun siminti. Babban allon nuna hanya mai mita uku a tsaye biyu a kwance zai sha turin da ya kai buhu bakwai. Wannan nauyin kuma ba a gindi yake sauka ba, can sama yake, mita biyu ko uku daga ƙasa, inda yake samun damar murɗe gindin kamar yadda dogon ƙarfe ke kwance notin taya. Idan babbar mota ta wuce da gudu, ita ma tana kaɗa allon, sau ɗaruruwa a yini. Ramin da lebura ya haƙa da diga cikin minti goma, mai zurfin kamu ɗaya ko biyu, aka zuba masa kwano biyu na kankare, ba zai jure wannan ba. Ko ƙaramin allo yana son rami mai zurfin santimita 60 zuwa 90, gwargwadon ƙasar wurin.

Ƙasar wurin kuwa ba ɗaya ba ce. Jar ƙasar Abuja mai marmara tana riƙe turke da kyau, in dai ba a kan cikon gefen titi aka kafa shi ba, wanda ruwa ke kwashewa a damina ta farko. Rairayin Yobe da arewacin Jigawa ba ya riƙe komai sai an faɗaɗa gindi. Baƙar lakar yankin Tafkin Chadi tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana tura duk abin da aka binne a cikinta. Zane guda na gindin turke da za a kwafa daga wannan kwangila zuwa waccan, daga Bayelsa har Borno, alama ce ta cewa ba wanda ya je ya duba.

To, a nan ne mai saurin yanke hukunci zai ce magani ya samu: a kawo ƙaton ƙarfe, irin na reluwe ko na ginin bene, a binne shi cikin kankare mai yawa, a ga iskar da za ta kayar da shi ko ɓarawon da zai tumɓuke shi. Na ga wuraren da aka yi hakan, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan turken da ya faɗi. Allon gargaɗi ana kafa shi ne a inda hatsari yake, a bakin kwana, a gangara, a mahaɗar hanya, wato daidai wuraren da mota ta fi yiwuwa ta kauce daga kwalta. Direban da barci ya ɗauke na daƙiƙa biyu, ko wanda tayarsa ta fashe, in ya sauka gefen hanya ya tarar da fili, zai iya fita da 'yan raunuka. In ya tarar da ƙarfen da ba ya lanƙwasa, ƙarfen zai shige cikin motar har inda fasinja yake zaune. Abin da aka kafa don ceton rai ya zama shi ne makashi.

Ƙasashen da suka rage mace-mace a hanyoyinsu sun daɗe da gane wannan. Suwidin ta ɗauki manufar da ta kira burin sifili a 1997, bisa fahimtar cewa ɗan Adam ba zai daina kuskure ba, saboda haka hanya ce za a gina ta yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. A Turai akwai ƙa'idar EN 12767, wadda ake gwada turaku da ita ta hanyar buga masu mota da gangan a ga abin da zai samu na ciki. A Birtaniya an ɗauki bututun da faɗinsa bai wuce milimita 89 ba, kaurinsa kuma bai wuce milimita 3.2 ba, a matsayin wanda zai lanƙwashe a gaban mota. Abin da ya fi haka a kan hanyar gudu, sai dai a sa shi bayan shingen ƙarfe ko a yi amfani da nau'in da aka ƙera don ya sallama. A Amurka an fi amfani da turke mai siffar kwararo, ko bututu mai kusurwa huɗu mai huje-huje da ake zurawa cikin wani guntu da aka riga aka kafa a ƙasa. Manyan turaku kuma ana ɗora su a kan faranti biyu da aka ɗaure da noti, ta yadda iska ba za ta motsa su ba, amma bugun mota a ƙasa zai sa na sama ya zame. Har guntun da zai rage a ƙasa an ƙayyade kada ya wuce santimita 10, don kada ya kama cikin motar. Amfani na biyu shi ne gyara: in an buge turken, gindin na nan, mutum biyu za su sauya na sama cikin ɗan lokaci ba tare da fasa kankare ba.

Abin da ake nema ke nan ga turke, kuma ba abu ne mai sauƙi ba: ya gagari iska da tsatsa, amma ya ba da kai ga mota. Wannan aikin injiniya ne, ba na mai waldan da aka kira da yamma aka ce gobe gwamna zai zo ba.

Na san abin da za a ce, kuma mai faɗin sa yana da gaskiya. Turken da aka ɗaure da noti don ya zame wa mota, ai shi ne ɓarawo zai fi jin daɗin kwancewa. Ba mu manta ba, a watan Janairun 2025 satar murafen ramukan magudanar ruwa ta kai Hukumar Birnin Tarayya ga hana 'yan jari-bola yawo a cikin gari, tare da rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Wanda ya iya ɗaga murfin ƙarfe daga tsakiyar titi, allon aluminiyam ba zai gagare shi ba. Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Muna kafa alluna da notin da kowace sifana ke kwancewa, a kan farantin da ake saye a kilo, ba tare da wata shaida a jikinsu ba. Akwai notin da kansa ke tsinkewa da zarar an gama ɗaure shi, ya bar dunƙulen da sifana ba ta kamawa. Akwai farantin allo da ake yi da roba mai ƙarfi ko haɗin da ba shi da daraja a wurin mai narka ƙarfe, kuma ƙananan hukumomi a Birtaniya sun koma gare shi ne saboda su ma an yi masu irin wannan satar. Ana iya buga lamba da tambarin hukuma a jikin kowane turke tun kafin a tsoma shi a tutiya, yadda duk dilan da aka samu da shi ba zai ce bai sani ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai kawar da sata baki ɗaya. Za su dai sa ta zama wahala mai ƙarancin riba, kuma ɓarawon ƙarfe lissafin riba yake yi kamar kowa.

A cikin gari lamarin ya ɗan sauya. Gudu kaɗan ne, saboda haka bututu mai faɗin milimita 60 ko 76 a cikin kankare ya wadatar ga allon hana fakin. Abin lura a nan shi ne tsawo da wuri. Ƙasan allon da ke kan hanyar masu tafiya a ƙafa ya kamata ya kai mita 2.1 daga ƙasa, don kada ya fasa goshin mai wucewa ko mai ɗauke da tire, kuma don motar da aka ajiye a gabansa kada ta rufe shi. A ja shi baya kaɗan daga bakin titi don madubin bas kada ya riƙa dukan sa, amma kada a dasa shi a tsakiyar hanyar ƙafa ya tare makaho da mai keken guragu. Kafin a haƙa kuma a tambayi abin da ke ƙarƙashi, domin a Abuja bututun ruwa da wayar lantarki da ta intanet duk a gefen titi suke kwance.

Allon hana fakin ya fi kowanne jawo rigima, domin shi ne ke da kuɗi a bayansa. Saɓa wa alamar hanya laifi ne da ke cikin jerin laifuffukan da ake cin tara a kansu. Amma mutum zai ajiye motarsa a inda ba allo, ko inda allon ke kwance cikin ciyawa, ya dawo ya tarar an janye ta ko an ɗaure mata taya, a ce masa ai kowa ya san nan ba a tsayawa. Baƙon da ya zo daga Gusau neman fasfo ina zai sani? Kotuna sun riga sun nuna ba su gamsu da yadda ake tafiyar da wannan harka a Abuja ba. A 2014 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta soke tsarin karɓar kuɗin fakin a bakin titi saboda babu dokar da ta kafa shi, sannan a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya ta ce jami'an VIO ba su da hurumin kama motoci ko cin tarar direbobi. Waɗancan shari'o'i kan hurumi aka yi su, ba kan alluna ba, amma tushensu ɗaya ne da abin da nake faɗa: hukuma ba ta karɓar kuɗin ɗan ƙasa sai ta fara cika nata sharaɗin. Ra'ayina shi ne a rubuta shi ƙarara cikin ƙa'idojin hanya, cewa duk tarar fakin da aka yanka a inda babu allo tsaye, mai karantuwa, to ba ta da inganci, kuma jami'in ne zai kawo hoton motar da allon tare. Ranar da aka yi haka, hukumomin da ke samun kuɗin shiga daga tara za su zama su ne suka fi kowa damuwa da zurfin rami da kaurin tutiya.

Wani zai ce ƙasar da ramuka suka cinye hanyoyinta, wadda alƙaluman FRSC suka nuna tana rasa sama da mutum 5,000 a shekara a haɗurran mota, ba ta da lokacin tattauna bututu. Ba na cewa turke ne ke kashe waɗannan mutane. Gudu da ganganci da lalacewar hanya su ne kan gaba. Amma kuɗin alluna ɗigo ne a cikin kuɗin kilomita guda ta kwalta, kuma a cikin duk abubuwan da ke kan hanya, ba abin da ya kai su arahar gyarawa. Turken da aka tsoma a tutiya ya fi mai fenti tsada a ranar saye, wannan gaskiya ne, musamman da yake Ajakuta da aka aza harsashinta tun ƙarshen shekarun 1970 har yau ba ta ba mu ƙarfen da aka yi alkawari ba. To amma wanda za a saya sau ɗaya a shekara talatin da wanda za a saya sau biyar ko shida, wanne ne mai tsadar? Sai dai in maimaita sayen shi ne abin da ake so, wanda kuma wannan wata magana ce daban.

Abin da ke tabbatar mini cewa ba iyawa muka rasa ba shi ne allunan da ke ɗauke da hotunan masu mulki da na 'yan takara. A duba ƙafafunsu. Ƙarfe mai kauri, walda mai kyau, gindi mai zurfi, kuma in guguwa ta taɓa ɗaya, kafin mako ya zagayo an miƙe shi. Masu waldan da leburorin da suka kafa su, su ne dai ke kafa allon da ke cewa akwai makaranta a gaba.

Gyaran yana hannun masu rubuta takardar kwangila da masu karɓar aiki, tun daga Ma'aikatar Ayyuka da FCDA har zuwa injiniyan ƙaramar hukuma, kuma Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli, BPP, wadda dokar 2007 ta kafa, tana iya sa shi cikin takardunta na bai-ɗaya. Layin nan guda ya zama sakin layi: faɗin bututu da kaurinsa, shafen tutiya bisa ISO 1461, murfi, zurfi da faɗin gindi bisa ƙasar wurin, irin noti, lambar shaida, da kuma sharaɗin cewa duk turken da ya wuce kima a kan hanyar gudu sai ya kasance mai zamewa ko yana bayan shinge. Wa'adin shekara guda da aka saba ba ɗan kwangila ya gyara abin da ya lalace ya yi kaɗan ga turke, domin ko bututu mai fenti yakan ga damina ɗaya lafiya. A riƙe wani kaso na kuɗin alluna har damina uku. Wajen karɓar aiki kuma, ƙirga alluna daga cikin mota bai isa ba. Akwai 'yar na'urar auna kaurin shafe, mai aiki da maganaɗisu, wadda ba ta fi wayar hannu girma ba. Ana ɗora ta a jikin ƙarfe ta nuna lamba nan take. Mai karɓar aikin ya riƙe ta a aljihu, ya zaɓi turke ɗaya cikin kowane ashirin, ya auna, sannan ya sa a tone gindinsa a gabansa kafin ya sa hannu a takardar biya.